Abubakar Imam: Wa Ke Da Magana Jari Ce?

A duk shekarar da na zo kan darasin salon zube tare da ɗalibaina, akwai maganar da nakan faɗa wadda ba ta taɓa wucewa salin-alin ba. Nakan gaya musu cewa labarin Kalala da Kalalatu, wanda kusan kowannensu ya sha dariyarsa tun yana firamare, ƙashin bayansa daga Jamus ya zo, cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka tattara. Nan take sai aji ya rabu biyu. Wasu su ɓata rai, suna ganin an ci zarafin babban da ba a taɓawa. Wasu kuma su yi murmushi irin na wanda ya sami mafita, domin a ransu sun riga sun ƙulla cewa in har Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo daga littattafan wasu, duniya kuma ta yaba masa, to don me za a tsananta wa ɗalibin da ya kwaso kundinsa daga intanet? Duk ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma maganin kuskuren nasu yana cikin tarihin mutumin da kansa.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda a yau yake cikin Jihar Neja, a shekarar 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka allo da littattafan Larabci ya fara buɗe ido da su kafin boko. Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yana koyarwa a Katsina, can kuma aka kai Abubakar ya yi karatun boko. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fita a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ke nan tun yana saurayi ya mallaki rumbu uku: tatsuniyoyi da karin maganar da ya ji a gida, adabin Larabci da ya gada a zauren mahaifinsa, da kuma littattafan Turanci na kwaleji. Duk abin da ya rubuta a rayuwarsa daga waɗannan rumbuna uku ya ɗebo.

A 1933 ne Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Baturen nan Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausar boko. East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su gwada, a lokacin da yawancin masu ilmi ke ganin ƙaga labari tamkar shirya ƙarya ne, aikin da bai dace da mai rawani ba. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East, da kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin shekarunsa 22 kacal.

Tun daga wannan littafi na farko maganar aro ta taso. Imam da kansa ya bayyana a tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya tsara aka buga a 1989, cewa dubarar haɗa mutum biyu masu wasa wayo da juna daga Muƙamatul Hariri ya samo ta, inda Abu Zaidi da Harisu ke ta gamuwa gari bayan gari. Shi sai ya mayar da su Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, ya sa su cikin rayuwar Hausawa. Haka kuma jigon fita neman ruwan da zai warkar da maras lafiya a gidan sarauta sananne ne a tatsuniyoyin ƙasashe da dama, har da na Grimm. East bai ga laifin wannan ba. Abin da ya ƙi shi ne wasu 'yan labarai a cikin rubutun farko waɗanda ya ga sun yi kusa ainun da abin da ke cikin littattafan da aka riga aka buga. Ya ja hankalin matashin a kansu, aka rage su kafin littafin ya fito. Wannan shi ne darasin farko da Imam ya samu game da iyakar da ke tsakanin aron dubara da kwafar aikin wani.

Abin mamaki, bayan shekara biyu East ɗin nan da ya yi tsawa a kan kwafa shi ne ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ya kawo shi Zariya a 1936, ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Turai da na Gabas, ya ce ya rubuta wa makarantu littafin karatu. Cikin wata shida Imam ya kammala Magana Jari Ce, juzu'i uku masu ɗauke da labarai fiye da 80, aka fara buga shi a 1937. Wanda bai yi tunani ba sai ya ce East ya yi tufka da warwara. Amma idan aka lura, abin da ya hana a farko shi ne a ɗauko labari yadda yake a sauya masa harshe kawai. Abin da ya nema a 1936 kuwa shi ne a rushe labari a sake gina shi da ƙasar gida. Imam ya ambaci wasu ƙa'idojin da East ya koya masa a wannan zama, ciki har da cewa kada a bar mugu ya yi nasara a kan mutumin kirki a ƙarshen labari.

Bari mu duba yadda ginin ya kasance, mu fara da babban labarin da ya ɗaure sauran. Akun da ke ba da labari kowane dare don ya hana wani fita, tsohuwar dubara ce ta Indiya. Tana cikin littafin Sanskirit mai suna Shukasaptati, wato labarai saba'in na aku, wanda Nakhshabi ya juya zuwa Farisanci wajen 1330 da sunan Tutinama. A can, wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya, matarsa ta ƙudura fita wajen kwartonta, aku ya riƙa ɗauke mata hankali da labari har gari ya waye. Wannan ba abin da za a miƙa wa ɗan makarantar elementare ba ne a ƙasar Hausa. Sai Imam ya kawar da matar da kwarton baki ɗaya, ya kawo Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji, da ɗansa Musa, da jikansa Mahmudu, da Waziri mai ƙulla makirci don neman sarauta. Sarki ya tafi yaƙi, Musa na son ya bi sawu, Waziri na jiran ya fito daga fada ya halaka shi, aku kuma ya tsare shi da labari. Labarin cin amanar aure ya koma labarin amana da cin amanar fada, abin da kowane Bahaushe na zamanin En'e ya san zafinsa. A juzu'i na biyu akun ya kara da Haziƙ, a na uku kuma ya zauna yana tarbiyyar ɗansa Fasih, har littafin ya zama makarantar koyon magana a gaban manya.

Haka abin yake a ƙananan labaran. A wajen Grimm, wadda ta cinye kaji biyu kuku ce da ke yi wa ubangidanta aiki, tana ci tana kurɓar giya. A wajen Imam ta zama Kalalatu matar Kalala, giya ta ɓace, abin dariyar ya koma kan zaman miji da mata da kunyar baƙo. Kyanwar Grimm da ke yaudarar ɓera da cewa za ta bikin baftisma, a hannun Imam suna take zuwa. Labarin jaki da sa da na Ƙamaruzzaman kuwa daga Alfu Laila suke, littafin da malamanmu suka daɗe da saninsa. A matsayina na ɗalibin harshe, inda na fi ganin hannun Imam shi ne a cikin jimla: yadda bafade ke magana da sarki, yadda bawa ke faɗuwa ya yi gaisuwa, yadda ake buɗe labari da karin magana a rufe shi da wata, yadda amsa-kama ke sa mai karatu ya ji ƙarar faɗuwar abu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin littattafan da East ya tara masa. Wanda ya taɓa gwada fassara shafi ɗaya tak daga Turanci ya san irin taurin da Hausa ke yi a hannun mai kwafa. Hausar Magana Jari Ce kuwa har yau ita ce ma'aunin da ake gwada zuben wasu da shi.

Ya kamata kuma a tuna cewa littattafan da Imam ya ɗeba, su ma ɗebowa suka yi. 'Yan'uwan Grimm daga bakin mutane da tsofaffin littattafai suka tattara nasu, suka buga a 1812, suka yi ta gyara da tacewa har bugu na bakwai a 1857. Kalila wa Dimna, wanda shi ma akwai inuwarsa a aikin Imam, Ibnul Muƙaffa ne ya juya shi zuwa Larabci daga tsohon Farisanci a ƙarni na 8, asalinsa kuma Indiya. Hariri, wanda ya rasu a 1122, sawun Badi'uz Zaman Hamazani ya bi wajen rubuta muƙama. A nan gida ma, sake gina aikin wani tsohuwar sana'a ce mai daraja. Ishiriniyar da ake rerawa a masallatai da zaurukanmu waƙar Alfazazi ce da tahamisin Ibnu Mahib. Tabbat Haƙiƙa kuwa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi.

Sai dai a cikin waɗannan misalai akwai abin da bai kamata masoyan Imam su kau da kai daga gare shi ba. Hariri ya ambaci Hamazani a gabatarwar littafinsa, ya ba shi girman wanda ya riga. Almajirin da ke karanta Ishiriniya ya san baitin da ke na Alfazazi da wanda ke na mai tahamisi. Al'adar ilminmu ta addini gaba ɗaya a kan isnadi aka gina ta, wato faɗin wanda ka ji daga gare shi. Magana Jari Ce kuwa ya shiga hannun yara ba tare da jerin da ke nuna tushen kowane labari ba, har aka yi zuriya bayan zuriya suna ɗaukar cewa komai daga kan Imam ya fito. Wannan giɓi ne, kuma kiransa da sunansa ba rashin ladabi ba ne. Amma adalci ya sa a tambayi wanda ke da alhakinsa. Imam ma'aikaci ne ɗan shekara 25 da aka ɗauko aro don ya yi wa hukuma aiki. Hukumar ce ta zaɓi littattafan, ita ta tace rubutun, ita ta buga, ita ke da ikon abin da zai hau bango da abin da zai shiga gabatarwa. A wancan zamani kuma ana ɗaukar tatsuniya tamkar rijiyar gari, kowa na da ikon zura gugansa. Da lokacin faɗa ya zo, Imam bai ɓoye ba. Daga bakinsa aka ji maganar Hariri, daga bakinsa aka ji yadda East ya tara masa littattafai.

Akwai kuma tambaya ta biyu da wannan tarihi ke tayarwa, wato matsayin edita. Sunan East ya fito tare da na John Tafida a kan Jiki Magayi, ya kuma fito tare da na Imam a kan Ikon Allah, littafin da suka yi game da halittu da kimiyya. A kan Magana Jari Ce kuwa sunan Imam ne kaɗai, alhali East ya zauna da shi a kan aikin tun daga farko har ƙarshe. A fahimtata wannan rabo ya yi daidai. Wanda ya kawo tubali ya kuma duba mizanin bango ya cancanci a gode masa a ambace shi, amma gini na magini ne. East ya iya Hausa ƙwarai, sai dai bakin Waziri Aku ba bakin Bature ba ne.

Rayuwar Imam bayan wannan littafi ta ƙara nuna cewa juya magana daga wata duniya zuwa wata ita ce baiwarsa. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne kuma editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta shekara 12. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya riƙa ɗauko labaran Turai da Asiya yana sa musu rigar da manomi a Funtuwa ko ɗan koli a Gusau zai gane, yana samar wa sababbin abubuwa suna, yana kuma daidaita rubutun Hausar boko ta hanyar yin amfani da shi a kai a kai. Shafin wasiƙun jaridar ya zama dandalin da ƙananan ma'aikata da malaman makaranta ke kai kukansu. A 1943 ya shiga tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma da ta ziyarci Ingila tare da Nnamdi Azikiwe. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara, ya kuma gana da Lugga ya bayyana masa matsalolin Arewa yadda shi yake ganinsu. Daga wannan tafiya littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi ya fito. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, an zaɓe shi majalisa a 1951, ya yi aikin littattafai a hukumar NORLA, ya kuma yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. A tsakanin haka bai ajiye alƙalami ba, ya rubuta littattafai kan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na sahabbai. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya a watan Yunin 1981, yana da shekara 70.

Bayan rasuwarsa ne maganar tushen labaransa ta koma fagen muhawara. A shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa har aka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, daga bisani kuma finafinan Hausa suka biyo baya, babban zargin da aka yi wa matasan shi ne wankiya, wato juya finafinan Indiya zuwa Hausa. Masu kare su suka ce ai Imam ma haka ya yi. Wannan ya sa masana suka koma kan aikinsa da idon bincike. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi labaran yana gano inda suka fito, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya dubi lamarin ta fuskar yadda labari ke ƙetare iyakar ƙasashe ta hanyar littafi da fim, har kalmar Imamanci ta shigo bakin manazarta a matsayin sunan wannan salo na baddalawa. Binciken bai rage wa Imam komai ba. Sai ma ya ba mu damar ajiye asali a dama, aikinsa a hagu, mu ga da idonmu yawan abin da ya cire da abin da ya ƙara.

To, a nan ne nake komawa ga ɗalibaina na ɓangarori biyu. Ga masu fushi nakan ce, girman Imam bai dogara da a ce shi ya ƙagi kowane labari daga babu ba, kuma wanda ya ɓoye tushen Magana Jari Ce don kare shi ya hana shi yabon da ya fi cancanta, wato yabon gwanin gini. Ga masu murmushi kuwa nakan ce, in kuna son fakewa da Imam, ku ɗauki sharuɗɗansa duka. Ya sauya mutane, ya sauya wuri, ya sauya manufa, ya zuba harshen da babu wanda ya ba shi aronsa, sannan da aka zo ba da tarihi ya faɗi inda ya ɗebo. Wanda ya kwafo shafi goma daga kundin wani ya sa sunansa bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Haka ma mai shirya fim da ya bi na Indiya fage bayan fage, har da tufafi da rawa, ya tsaya a matakin da East ya hana tun a Ruwan Bagaja. Ban da haka, tatsuniyoyin da Imam ya ɗeba sun daɗe da zama na kowa, alhali kundin ɗalibi da fim ɗin bara suna da masu su a raye, doka kuma tana kare haƙƙinsu.

Akwai aikin da ya rage a wuyanmu mu malaman jami'a da masu haƙƙin buga littafin. Lokaci ya yi da za a fitar da bugu na musamman na Magana Jari Ce, wanda a ƙarshen kowane labari za a nuna tushensa in an san shi, a kuma bayyana abin da Imam ya sauya. Kayan aikin suna nan a kundayen bincike, sun daɗe suna shan ƙura a ɗakunan karatu. Irin wannan bugu zai koya wa yaro ɗan sakandare abu biyu a zama ɗaya: yadda ake mayar da labarin baƙi ɗan gida, da yadda ake faɗin sunan wanda aka ara daga gare shi ba tare da jin an ƙasƙanta ba. Kakanninmu masu tahamisi sun haɗa biyun, babu dalilin da zai sa mu kasa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya gafarta masa, Ya sa abin da ya bari ya ci gaba da amfanar na baya.